Ranar da Sanata Ya Shiga Layi

"Ba na direbobi ba ne, madam."

Yarinyar ofishin siton sauke kaya ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta 'yar kafar gilashi ta turo maganar, baki na taunar cingam, yatsu na kan waya. Lorna Vasek kuwa tana tsaye ta matse ƙafafu, tana hango ƙofar banɗakin ta saman kafaɗar yarinyar, tas da ita, har da tukunyar fure a gefe.

"Haba 'yata, tun da safe nake layi. Shiga zan yi in fito, ko madubinku ba zan kalla ba."

"Dokar kamfani ce. Akwai a gidan mai, can bakin babban titi."

"Da tirelar zan je, ko a aljihu zan sa ta?"

"In kin fita daga layi dai, sai ki dawo ki kama daga baya."

Lorna ta juya. Ta ratsa filin siton cikin iskar Fabrairu mai yankan kunne, tana taku sannu-sannu tsakanin tireloli jere har inda ido ya ƙare, kowacce da mutum a ciki yana jiran a kira lambarsa. Da ta hau motarta ta ja labule, ta jawo bokitin da ke ƙarƙashin gado. Mace mai jikoki, wadda ta sha kai lodi Denver da Chicago cikin dusar ƙanƙara ba ta taɓa goge motar kowa ba, ga ta durƙushe a kan bokiti kamar marar gata. Takaici ya sa ta hawaye, hawayen kuma ya ƙara mata haushi.

Haka sana'ar take, kuma duk direban da ke yawo a titunan tsakiyar Amurka ya san dabarar: in gobe kana da sauke kaya, tun yau ka daina shan ruwa, ka jiƙa leɓe kawai. Mijinta Duane ya yi shekara talatin da 'yan kai a kan wannan dabara, har yana koya wa sababbin direbobi yana bugun ƙirji. Yanzu sau uku a mako ake kwantar da shi a jona masa injin wankin ƙoda. Likita ya ce hawan jini ne ya fara ɓarnar, ƙishirwar shekaru da riƙe fitsari suka ƙarasa ta. Motar da suka yi ta tuƙawa tare ta dawo hannun Lorna ita kaɗai.

* * *

Ofishin Ƙungiyar Masu Manyan Motoci ta jiha yana wani lungu a bayan ginin majalisa, a saman shagon mai gyaran takalma. Shugabarta, Marlys Hagedorn, 'yar gajeriyar mace ce mai muryar da ke tsallake bango, ubanta jigilar shanu ya yi har ya mutu. Aikinta na kullum ja-in-ja ne da 'yan majalisa a kan harajin dizal, da nauyin da gada za ta ɗauka, da horar da direbobi. Bana sai ta ɗauko maganar da kowa ke jin nauyin faɗa. Ƙungiya ta rubuta ƙudirin doka, cewa duk siton da direba ya kai wa kaya ko ya je ɗauka, dole a bar shi ya shiga banɗaki.

"To ina ƙudirin ya kwana?" in ji Lorna, ranar da ta hau benen da fushinta.

"Sanata Orval Brandvold ya zauna a kansa daram. Shi ne shugaban kwamitin sufuri. In bai sa ranar sauraro ba kafin majalisa ta tashi a Afrilu, shi ke nan, ya mutu. Kin san abin da ya ce mini? Wai ba don maganar fitsari aka zaɓe shi ba."

"Shi ba ya yi ne?"

"Yana yi mana. Ofishinsa akwai nasa na kansa, har da sabulu mai ƙamshin lemo."

Ƙungiyar tana da wata al'ada ta shekara-shekara. A wanke sabuwar mota ta yi ƙal, a ɗauki ɗan majalisa a zaga gari da shi da tirela wayam, ya danna ham, a yi hoto, a ci naman gashi a watse. Brandvold ba ya fashi, don yana son hoton. Bana Marlys ta tara membobi ta ce a bar wasan yara, a ɗauke shi da lodin gaske zuwa siton gaske. Aka yi ta tafi raf-raf. Da aka zo kan motar wa za a shiga, sai manyan kamfanoni masu motoci ɗari-ɗari kowa ya hau duba agogonsa. Wa zai ɓata da siton da ke ba shi lodi?

"Tawa tana nan," in ji Lorna.

Marlys ta kalle ta ta saman tabarau. "Rabin aikinki daga wurin masu siton yake fitowa. In suka gane, sun gama da ke."

"Na ji. Sa sunana."

"To ki saurara. Ba tarko za mu ɗana masa ba. Kada ki ƙara komai, kada ki rage. Rana ɗaya irin taki, iyakarta ke nan."

Da ta koma gida ta faɗa wa Duane. Yana kishingiɗe, hannun da ake soka wa allura a kan matashi. Ya yi dariya har da tari.

"Je ki, Uwar Birki," ya ce, da sunan da direbobi ke kiranta a oba-oba. "In sun kore ki, kya zauna gida ki ƙare wa kyakkyawar fuskar nan kallo."

"Allah ya kiyaye ni da wannan hukunci," ta ce, ta gyara masa bargo.

* * *

A gidan cin abincin direbobi na bakin gari suka haɗu da safe. Brandvold dogon tsoho ne, ja wur, mai tumbi da son raha, manomin masara kafin siyasa ta ɗauke shi. Marlys ta karɓe kwat ɗinsa ta ajiye a motarta, ta ɗora masa hular hana-salla ta ƙungiya da 'yar shara mai ƙyalli, don ba a shiga filin sito sai da ita. Ya dubi kansa a gilashin taga ya ce wallahi ya dace da aikin.

A irin wuraren nan ba a barin kofi ya yi rabi. Mai kawo abinci na wucewa za ta cika maka da gahawa, kyauta, ko ba ka tambaya ba. Lorna tana kallo aka cika masa, aka sake cikawa. Ya ɓallo ƙwayar hawan jini ya kora, irin wadda Duane ya sha shekaru, ita kuwa ta san sarai inda ƙwayar nan take aika mutum: banɗaki. Zuciyarta ta ce ta yi shiru abinta. Amma ba ta iya ba.

"Sanata, da ni ce kai, da na tsaya haka."

"Madam Vasek, kakannina daga Norway suka zo, ƙasar mashaya gahawa. Da gahawa aka yaye ni." Ya ɗaga kofin aka ƙara. Sai ya lura ruwan da ke gabanta ko taɓa shi ba ta yi ba, busasshen burodi kawai take tauna. "Ke ba kya shan komai?"

"Sai an sauke kaya."

"Ikon Allah," ya ce, ya sa aka cika masa babban kofin takarda na tafiya.

A hanya kamar yaro ranar biki. Ya ja ham, ya ɗaga wa motoci hannu, ya zayyana mata farashin masara tun daga zamanin ubansa. Da suka isa, mai gadi ya miƙo lamba bai ko dube su ba, suka bi layi suka kashe mota.

Da farko labari yake zubawa. Can sai labarin ya fara gajarta. Ya gyara zama, ya sake gyarawa. Ya sassauta bel. Rana ta take tsaka ta fara karkata, layi bai yi wani motsin kirki ba.

"Wai yaushe za su kira mu?"

"In sun ga dama."

"Ba su ba ki lokaci ba?"

"Sun ba ni. In ni na makara, tara ce. In su suka makara, sai haƙuri."

Ya matse ƙafafu. Sannan ya sauke murya. "Ina ne... wurin zagawa?"

Ta nuna masa ofis, ta sauko ta bi bayansa. Yarinyar nan ce dai a bayan gilashi, da cingam ɗinta.

"Ba na direbobi ba ne, yallaɓai."

"Ni ba direba ba ne, 'yan mata. Sanata Brandvold ne, daga majalisar jiha."

Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa: hula, 'yar shara, tsoho yana canjin ƙafa. "Makon jiya ma wani ya ce shi ƙanin gwamna ne. Akwai a gidan mai, bakin babban titi."

Ya laluba aljihu. Katin shaidarsa yana cikin kwat, kwat yana motar Marlys. "Kira mini manajanki!"

"Yana taro." Sai ta ɗan matso, ta nuna sama da ido. "Baba, ka ga kyamara can. In na buɗe maka, ni za a kora, kuma ina da goyo."

Suka fito. Sanata ya nufi tsakanin wasu tireloli biyu da sauri-sauri, Lorna ta riƙo masa 'yar shara.

"Kada ka soma. Ko'ina akwai kyamara. Ni za su hana shigowa har abada, kai kuma gobe kana shafin farko na jarida."

"To yaya kuke yi, don Allah?" Gumi ya keto masa duk da sanyin.

"Maza gora, mata bokiti. Kai baƙo ne, zaɓi wanda ka ga dama. Suna bayan labule."

Ya hau motar da ƙyar. Ita ta tsaya a ƙasa ta juya baya, hannu cikin aljihu. Direban da ke gefensu, wani da ake kira Tsohon Zakara, ya sauke gilashi ya leƙo.

"Uwar Birki, sabon ɗan koyo kika samo? Ai wannan ya girmi motar!"

"Bar shi, yau ya fara."

"Ki ce masa kada ya cika ta har baki, hanyar fita da gargada!"

Dariya ta bi layi daga mota zuwa mota. Lorna ba ta yi ba. Ta ɗauka in ranar nan ta zo za ta ji daɗi, amma abin da ta ji tausayi ne, don tsohon ya tuna mata da mijinta.

Da ta hau ta same shi zaune, fuska ta ƙara ja, gora a hannu ya rasa inda zai ajiye.

"Ina ake zubarwa?"

"Ba a zubarwa. Sun kwashe kwandunan shara don kada mu sa. Da abinka za ka tafi."

"Shekara saba'in ina duniya," ya ce, "ba a taɓa wulaƙanta ni irin na yau ba."

Nan tausayin ya tafi, fushin ya dawo. "Rana ɗaya ke nan, Sanata. Ɗaya tak! Kujerar da kake kai ta mijina ce. Ya fi ka wayo, shi ba ya shan gahawa, ba ya shan ruwa, ba ya roƙon kowa a taga. Yanzu haka da muke magana yana kwance inji yana wanke masa jini. Ka ce ba don wannan aka zaɓe ka ba. To don me?"

Ya juya fuska ga taga. Har aka kira su dab da faɗuwar rana, aka sauke kaya, ta mayar da shi bakin gari, bai sake cewa komai ba. Ya sauka da gorarsa a cikin leda, ko sallamar kirki babu. Lorna ta kifa kai a sitiyari ta ce shi ke nan, bakinta ya ɓata komai.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen masu sito, suka aiko mata cewa ba su da sauran aiki da ita. Marlys ta ɗauki waya ta bi membobi ɗaya bayan ɗaya, musamman masu duba agogon nan, ta wanke su tas. Kunya ta yi aikinta. Wannan ya ba Lorna lodin takin zamani, wancan na naman shanu, har ta fara cewa a dakata. Tana cikin ɗaure lodi wata safiya waya ta yi ƙara, muryar Marlys ta kusa fasa mata kunne.

"Ya sa rana! Tsohon nan ya sa rana!"

* * *

Ranar sauraro, ƙungiya ta yi abin da ta iya. Tun hantsi tireloli suka kewaye ginin majalisa, hanci da wutsiya. Zauren kwamiti ya cika maƙil da huluna da 'yan shara masu ƙyalli, har bakin ƙofa. A gaba ga lauyan masu sito cikin kwat mai tsada, da tulun ruwa a gabansa, yana kurɓa yana duba takardunsa cikin natsuwa.

Brandvold ya buga guduma. Ya ce yau ba hutu sai duk wanda ya zo ya yi magana, kuma wanda ya fita daga zaure, sunansa ya koma ƙarshe.

Direbobi suka dinga tashi. Wata mai tsohon ciki ta faɗi yadda ta yi kuka a taga aka ce mata dokar kamfani ce. Tsohon Zakara ya tashi da niyyar ba da dariya, ya kai tsakiya ya kasa ƙarasawa, ya koma ya zauna. Lorna ta yi tata a taƙaice. Lauyan kuwa tun yana murmushi har ya daina. Ya ture tulun ruwan gefe. Ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya sauke, ya sake ɗorawa. Lorna ta zunguri Marlys, Marlys ta toshe baki da hannu.

Can ya miƙe. "Mai girma shugaba, ko za a ɗan ba mu hutu kaɗan?"

Brandvold ya dube shi a tsanake. "Akwai gidan mai a bakin babban titi, lauya. In ka fita, ka dawo ka kama daga baya."

Kai! Zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Huluna suka tashi sama, ana buga benci, ana fito. Tsohon ya bar su suka yi mai isarsu, sannan ya buga guduma.

"Je ka, ɗana. Ƙofa ta biyu a dama, kuma gurbinka yana nan. A gidan nan ba ma hana mutum." Ya juyo ga 'yan kwamiti. "An taɓa hana ni, a jihar da aka haife ni. Ba na son a sake hana kowa."

Lauyan ya dawo ya yi maganarsa a kan tsaro da inshora, amma iska ta riga ta fice daga tayar. Kwamiti ya amince baki ɗaya. Ranar da babban zaure ya kaɗa ƙuri'a ƙudirin ya wuce, Marlys ta fito kan matakala ta ɗaga hannu biyu sama, sai duk tirelolin suka saki ham a tare, har tantabaru suka watse daga kan rufin. Lorna ta kira Duane a asibiti, ta ɗaga wayar sama don ya ji. Tana dariya tana kuka, ba ta damu da wanda ya gani ba.

* * *

A watan Yuli doka ta fara aiki, ƙungiya ta yi walima a filin wani memba. Zafi kamar a bakin murhu. Ga haƙarƙarin shanu a kan wuta, ga masara dafaffiya da man shanu, ga manyan randunan gilashi cike da shayi mai ƙanƙara. Aka ajiye wa Duane kujera a inuwa, direbobi na zuwa suna dafa masa kafaɗa.

Brandvold ya ratso taron da manyan kofunan shayi biyu, ya miƙa wa Duane ɗaya da hannunsa.

"Mista Vasek, na zauna a kujerarka rana ɗaya, ban ji da daɗi ba. Karɓi wannan."

"Ai na ji labari," in ji Duane. "An ce ba ka cika ta har baki ba. Ka yi kai."

Aka sheƙe da dariya. Marlys ta hau kan benci ta ce kowa ya ɗaga kofinsa, saboda direbobin jiha. Duane ya ɗaga nasa ya fi na kowa tsayi.

Lorna kaɗai ta san abin da sanata bai sani ba. Tun da ƙodar ta tsaya, awo likita yake yi wa Duane na ruwa, ɗan kaɗan a yini, kuma na yau ya ƙare tun kafin su baro gida. Kowa ya kafa kai yana sha. Shi ya sauke kofin a hankali, ya sa yatsu biyu ya tsamo ƙanƙara guda ya jefa a baki, ya miƙa mata sauran.

"Shanye, kada ya huce."

Ta sha. Shi kuma ya jingina da kujera yana kallon taron, yana juya ƙanƙarar a baki sannu-sannu, yana lallaɓa ta kada ta narke da wuri.